Matan Man Gyaɗa da Fatake Bakwai

"Kamfanonin Turawan nan ne suka kashe mu, Nafi'u! Su haƙo ɗanyen mai a ƙasarka, su yanka masa farashi a ƙasarsu, su sayar wa kansu, kai kuma a miƙo maka ladan gadi."

"Haba Kawu, wannan ai zancen da ne. Tun yaushe ƙasashe masu mai suka kafa ƙungiyarsu, suka ce su za su riƙa faɗin kuɗin ganga?"

"To ina amfanin? Ka ga mun matsa?"

Ba mu matsa ba kuwa. Tun hantsi muke cikin layin gidan mai a Funtuwa, Kawu Sallau riƙe da sitiyari, Yaya Nafi'u a gefensa, ni da Gwaggo Tabawa a baya muna fifita da bakin mayafi. Gwaggo, wadda ta tsufa a sana'ar ƙuli-ƙuli, ta ja dogon tsakin nan nata, ta ce su rufa mata baki ta ba su misali, kanta ciwo yake yi.

Ta ce an yi wani gari da matansa ba su da sana'a sai matsar man gyaɗa. Masu sayen man wasu fatake ne su bakwai, su ke da kwalaben awo, su ke da jakunan kaiwa birni. Ran kasuwa sai su zauna gindin tsamiya, su haɗa kai su yi ƙus-ƙus, babbansu ya gyara murya ya faɗi kuɗin kwalba, shi ke nan. Wadda ta yi ƙorafi a ce ta koma gida ta sha abinta. Aka yi shekaru a haka, hannuwan mata duk kanta, fatake sai ajiye tumbi. Ran nan wata dattijuwa ta tara matan, ta ce tunda su ke da gyaɗa su ke da turmi, daga yau kowacce mace kwalba biyu za ta riƙa fitarwa ran kasuwa, ba ƙari. Aka yi rantsuwa. Mai ya yi wuya a birni. Sai ga fatake suna bin ƙofa-ƙofa, "Ranki ya daɗe, Hajiya, ki dubi Allah." Farashi ya yi tashin gwauron zabo. Mata suka cika ɗaki da atamfa da kwanukan samira, wata har ta hana mijinta shuka gero, wai wa zai sha rana a banza.

To, tsada daɗi gare ta. Wata ta ce a ranta, in na ƙara kwalba ɗaya wa zai sani? Ta soya, ta matse, ta tura ƙarƙashin gado, tana miƙa wa wani bafatake ta bayan danga da ɗan rangwame. Maƙwabciyarta ma haka, ta gaba da ita ma haka, kowacce tana ganin ita kaɗai Allah ya yi wa wayo. Sun manta mai yana ɓoyuwa, amma tunkuza ba ta ɓoyuwa. Duk man da aka matsa sai ya bar ta a turmi, in kuwa ba a soya ta ƙuli-ƙuli an sayar ba, lalacewa za ta yi. Ƙuli-ƙuli ya cika kasuwa har awaki suka daina waiwayarsa. Babban fatake ya ɗauki ɗaya ya gutsura, ya bi farantai da kallo, ya yi murmushi. Suka koma gindin tsamiyarsu, suka faɗi kuɗin da bai kai ko na da ba, suka kishingiɗa. Kafin la'asar mata sun fito da abin da ke ƙarƙashin gado suna rige-rigen sayarwa. Dattijuwar nan ita kaɗai ta riƙe rantsuwa. Gyaɗar da ta ƙi matsawa ƙwari sun cinye mata rabi a rumbu, sauran kuma ba wanda ya taya. Ta ja ƙafa har gidan wadda ta fara, ta tambaye ta daga ina wannan tulin ƙuli-ƙuli ya fito. Matar ta langaɓe kai ta ce, "Wallahi Inna, ni ƙuli-ƙuli kawai na yi niyya. Man ne ya yi ta fitowa da kansa."

Dattijuwa ta dube ta, ta sa takalminta ta fita.

Gwaggo ta jingina da kujera ta lumshe ido. "Ku yi ta zagin fatake, Sallau, sun ci a zage su. Amma dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari."