Dutsen Malam Bobboyi

"Jirgin nan ba zai tashi ba," in ji Malam Bobboyi, mai duba lafiyar jiragen waje a filin jirgin Yola. Ya nuna wata 'yar tsaga a tayar gaba, wadda sai mutum ya durƙusa zai gan ta.

Kyaftin Nu'uman, matuƙin jirgin, wanda ya kawo wa 'yan gudun hijira magani daga Garwa ta ƙasar Kamaru, ya yi roƙo da Hausa, ya koma Fulatanci. Akwai sauran magani da zai koma ya ɗauko, marasa lafiya suna jira.

"Kyaftin, rai ba a aronsa. Ni ba na wasa da ran mutane. Gobe in sabuwar taya ta iso, ka tashi."

Don kada a ce gaba ce, Bobboyi ya ce zai kai shi masauki a unguwar Karewa. Ƙofar motarsa da igiya aka ɗaure ta, sai ta taga Nu'uman ya shiga. A kan kujera ya tarar da ƙaton dutse.

"Rungume shi," in ji Bobboyi.

Suka miƙa hanyar Jimeta. Can gaba shingen sojoji ne, a shekarun da motar da ta ƙi tsayawa harsashi ke tsayar da ita. Soja ya ɗaga hannu. Bobboyi bai ko nemi birki ba, hularsa ya gyara.

"To Kyaftin, bisimilla. Dira ta taga, ka sha gabanmu da gudu, ka sa wa taya dutsen."