Hauren da Sulaimanu Ya Tono

Jakar Sulaimanu tana bayan ƙofa a ɗaure, Asabar kawai take jira. Abokinsa Tarig ya samo masa wuri a motar da za ta Libiya, daga can sai teku. Sulaimanu kuwa zama ya gagare shi. Ya leƙa taga, ya dawo, ya ɗauki waya, ya ajiye.

Masassaƙin carbi ne, ɗan Mai Wurno ta Sudan, kuma hannunsa ba na wasa ba ne. Amma tun da aka yi juyin juya hali baƙi suka ɗauke ƙafa daga Alƙahira, shagon da yake wa aiki ya rufe. Sun sayar da firiji, sun sayar da darduma. Abin da ya rage a ɗakinsu na unguwar Hadayek el-Ma'adi sai zartonsa da injin da ya yi ƙura, sai kuma tabaryar turare ta kakar matarsa, naɗe cikin tsumma a ƙasan akwati. Tun aurensu bai taɓa ganin an kwance ta ba. Zancen sayar da ita kuwa, ba a ma fara shi da matar tasa, Awadiyya.

Awadiyya ta yi kuka, ta yi roƙo, ta ɗora masa 'yarsu Amna a cinya, duk a banza. Sai ta koma kan kwanon lallenta. Ran Alhamis ma ficewarta ta yi, wai za ta yi wa wata amarya lalle a unguwar Dokki, ta dawo da yamma tana ta kakkaɓe takalmi a bakin ƙofa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Shi zai shiga teku, ita tana ta hidimar biki.

Bayan sallar Juma'a ya nufi Wadi Digla, kwarin nan na bayan Ma'adi. Tun da aiki ya tsaya can yake kai zuciyarsa, yana tsintar katantanwar da ta zama dutse, yana tara wa Amna a gwangwani. Wurin zamansa ɗaya ne, gindin wani dutse mai inuwa, inda ya taɓa kawo iyalin suka ci kifi. Yau sallama ya zo yi da wurin.

Ko zaman bai yi ba ya ga wani tsini ya leƙo daga yashi.

Ya tona da hannu, yashin bai yi masa gardama ba. Abin ya fito, tsawonsa ya kusa kamu guda, a ɗan lanƙwashe, launinsa kamar shayin da ya daɗe a wuta. Nauyinsa kaɗai ya gaya masa haure ne. Gindin ya yi sumul, sai ka ce ruwa ya shekara dubu yana shafa shi.

Sau ɗaya ya taɓa ganin irin launin nan, a guntun da wani ɗan Rasha ya kawo wa maigidansa Usta Alaa. Hauren mamus ne, giwar nan mai gashi da ta ƙare tun zamanin da. Wannan ba mai kama ka don ka sassaƙa shi, kuma masu kuɗi rububinsa suke yi.

A jirgin ƙasa ya rungume shi cikin riga kamar wanda ya sato jariri. Duk wanda ya dube shi sai ya sake wuri. Ya sauka Wustul Balad, tsakiyar birni, ya tarar da Usta Alaa a wurin shan shayin da ya zama ofishinsa.

Tsohon ya juya abin, ya ƙwanƙwasa da zobe, ya daɗe yana kallo.

"Mamus a Masar? Ban taɓa ji ba," ya ce. "Amma hamadar da ta ba ka katantanwa, me ba za ta ba ka ba? Ka fitar mini da carbi daga wannan, ya ibni, ɗana, ni kuma in buɗe shago."

Carbi irin wannan aikin makonni ne, motar kuma gobe ce.

Da safe wayar ta hau ruri. Sulaimanu yana kai-komo tsakanin jakar da hauren, ƙafa ba takalmi. Awadiyya tana ta wanke kofi ɗaya, ta ba shi baya.

"Yalla, ya zol, mota ba ta jira!" in ji Tarig ta wayar. "In ka bar wurin nan ba a mayar maka."

Ya dubi Amna tana jera katantanwarta a ƙasa. Ya dubi hauren. Hannunsa har ƙaiƙayi yake yi.

"Ku tafi," ya ce. "Khalas, na fasa."

Kofin ya kufce wa Awadiyya, Allah ya sa bai fashe ba.

"Ka tabbata, Abu Amna?"

"Kawo mini zarto kawai."

Ya hure ƙurar injin, ya ɗaure hauren, ya yi bisimilla. Rabon da ya ji daɗi irin wannan har ya manta. Zarton ya ci fatar waje, garin ya zubo jaja-jaja a kan yatsunsa. Ya kai hanci, don masassaƙi da hanci yake sanin kayansa.

Ba warin ƙasa ya ji ba. Lalle ya ji, ɗanye, na kwanan nan. Daga gindin nan mai sumul kuma wani tsohon ƙamshi ya taso, na sandal da miski da aka shekara ana dakawa.

Ya ɗaga kai a hankali. Awadiyya tana durƙushe gaban akwati, yatsunta jawur, tana ninke tsumman tabaryar kakarta, babu komai a cikinsa.