Murhunan Ɗan Azumi

Jama'a, dariyata har ta tashi yaron da ke bayana!

Ɗan Azumi ne furoje, wato shirin tallafi, ya ba 'yan makaranta a hutun bakans ɗin nan, su gina wa matan Madarunfa murhun laka mai tattalin itace. An ce in aikin ya yi kyau, za a ɗauke shi dindindin. Sai ya hau yi wa yaran tsawa: "Murhun da ya yi datti kafin shugabar furoje ta zo, wanda ya gina shi ya kori kansa!"

Yara suka bi gida-gida: "Inna, don Allah kar ki hura."

Ran Laraba shugabar ta iso daga Maraɗi. Murhu arba'in, fes-fes! Ɗan Azumi sai washe baki yake, har ya kirawo matarsa kallo.

Shugaba ta zura hannu cikin murhun Inna Ɗelu, kaza ta kai mata sara. Ashe kwanci take a kan ƙwai tara!

Shugaba ta ce wa Ɗan Azumi, "Toka na zo gani, malam. Cire hular furoje."

Yaran suka raka shi da tafi har bakin tabki.

Ku tura wa 'yan Safo, can ya ce zai nemi aiki!