Zabuwar Malam Jaji

A kasuwar Dawanau Malam Jaji ya ga zabuwarsa. Tana nan a zane a jikin buhunan gero, an tara su sun kusa taɓo rufin shago, kowanne da ita: wuyanta a karkace, ƙafa ɗaya a ɗage, ɗigo-ɗigon jikinta ba wanda ya ɓace. Sunansa kawai aka cire daga ƙasa.

Duk Ɗanbatta an san zabuwar nan. Ita ce a allon shagonsa, ita ta sa masu shayi da masu kemis suke kawo masa aikin allo. Ya tsaya yana kallon buhunan, yana murza tsaftatattun yatsunsa.

Ya fara da mai unguwa, aka ba shi haƙuri. Ya sa aka ɗora hoton a Fesbuk, mutane suka yi ta yaba kyan buhun. Daga nan ya nufi ofishin Barista Khaulat, ɗiyar wani amininsa.

Ta ce doka tana bayan wanda ya yi zane. Za a iya rubuta wa mai buhunan ya daina, ko a zauna a daidaita, in ya ƙi a tafi kotu. "Amma Baba, za a nemi shaida. Ga takarda, ɗan zana min ita in gani."

Jaji ya ture takardar a hankali. Ya ce shi a gida kawai aikinsa yake fita.

Ta ba shi shawara ya fara ganin mutumin ido da ido.

Alhaji Nababa, mai buhunan, ya karɓe shi da fara'a, har da ruwan sanyi. Ya saurari maganar sata da kotu bai katse shi ba.

"Malam, ni ban saba ɗaukar abin mutum ba. Har gidanka na je neman izini, aka ce kana Shanono. Kuma an ba ni."

Jaji bai sha ruwan ba. A motar komawa ya yi ta lissafa mutanen gidansa, yana neman wanda ya isa ya yi kyauta da abin da ba nasa ba.

Ya tarar da matarsa Safara'u a inuwar rumbu, ta duƙufa a kan wani allo. Bai ko yi sallama ba ya tambaye ta wa ya ba Alhaji Nababa izini.

Ba ta ɗago ba. Ta tsoma buroshi a fenti, ta ƙarasa wuyan wata sabuwar zabuwa, ta bar wurin da zai sa sunansa kamar yadda ta saba.

"Ni ce, Malam. Tun da na fara zana ta, shi ne mutum na farko da ya taɓa tambayata."