'Yar'uwa Mai Doguwar Addu'a

Matar fasto ta zazzage kwandon da muke jefa roƙonmu a rubuce, ba suna. Takardu shida, magana ɗaya: "Ubangiji ya rage wa wata 'yar'uwa tsawon addu'a."

Muka sunkuyar da kai. Ni na kitsa dabarar, don in ita matar faston, wato Mama, ta ce "mu yi addu'a", sai gwiwa ta kumbura, tukunya ta ƙone a gida.

"Allah sarki!" in ji ta, tana share ƙwalla. "Ko wace ce, ba za mu kunyata ta ba. Amma tunda har mutum shida suka koka, abin ya yi tsanani. Ku durƙusa, 'ya'yana."

Awa biyu cur Mama ta yi tana roƙa wa baiwar Allah sauƙi.