Taku Goma Daga Bakin Ruwa

Tela ne ya ɗinka musu gajerun wandunan, iri ɗaya, masu zanen abarba, kuma sai da suka tsaya a bakin teku suka gane bai sa musu aljihu ba. Ya ce ba mantuwa ba ce, haka ake yayi.

Su uku ne: shi Telan, da Malam mai koyar da lissafi, da Ango, wanda ya yi wata huɗu da aure amma sunan ya ƙi sakinsa. Motar da ta kawo su ta surukin Ango ce. Surukin ya yi tafiya ya bar masa ita amana, ya riƙa ɗumama injin kullum da safe. Ango ya ɗumama shi har bakin teku, tafiyar kwana biyu cur. Gata mai mota zai dawo, makullinta kuma ɗaya ne tak a duniya.

Kayansu da wayoyinsu duk suna kulle a cikin motar. Mai kwalekwalen da zai zaga da su kan ruwa yana ta kiransu, Ango kuwa ya tsaya riƙe da makulli yana tsoron kada ya faɗa ruwa. Malam ya gyara murya ya ce ba abin da ya gagari lissafi. Ya saita ƙofar katangar otal ɗin da ke bayansu, ya ƙirga taku goma daga bakin ruwa, suka binne makullin a nan. Ba kowa a wurin sai wani tsoho mai malafa, zaune a kan bokiti, yana duba agogo yana tsaki.

A yi musu uzuri. Babban ruwan da suka sani a rayuwarsu shi ne kududdufin bayan kasuwa, shi kuwa inda ka bar shi nan za ka same shi.

Awa uku suka yi a kan ruwa, Tela ya amayar da duk abin da ya ci tun shekaranjiya. Da suka sauka, Malam ya ƙirga taku goma yana taƙama. Suka tona da hannu, ba makulli. Ya ƙara ƙirgawa, suka sake tonawa, sai wata ƙaguwa da ta kama Tela a yatsa. Ango ya ɗora hannu a ka. Ya ce ƙafar Malam ce ta ƙara tsawo, Malam ya ce laifin mai ɗinkin wando ne, Tela ya ce shi dai a nuna masa inda aka ce aljihu dole ne.

Ana cikin haka tsohon ya taso ya yi sallama.

"Samari, me ya ɓata?"

Suka kwashe labari suka faɗa masa. Ya girgiza kai cike da tausayi.

"Ayya. Ai teku ba ya zama wuri ɗaya, 'ya'yana. Ɗazu yana can sama, yanzu ya ja baya. Makullinku yana wani wuri tsakanin ruwan nan da katangar can."

Ango ya duba nisan katangar, ya tuna fuskar surukinsa, ya zauna daɓas a kan yashi.

Amma tsohon mutumin kirki ne. Ya leƙa ƙarƙashin wani tuli da aka lulluɓe da tamfol, ya fito da shebur uku, kamar ya san yawansu. Ya kafa turaku, ya ja igiya miƙe sambal daga ruwa zuwa katanga, don kada su tona wuri ɗaya sau biyu. Ya ce zurfin ya kai gwiwa, saboda jiƙaƙƙen yashi yana haɗiye ƙarfe.

Suka duƙufa. Rana ta buɗe musu wuta, zufa ta jiƙe abarbobin nan sharkaf. Hannun Malam, wanda bai taɓa ɗaukar abin da ya fi alli nauyi ba, ya yi bororo. Tsohon yana biye da su da sanda yana auna zurfi, inda ya ga gefe ya karkace ya ce a gyara.

"Baba," in ji Tela yana haki, "wai dole sai gefen ya yi kyau?"

"Makulli ɗan ƙarami ne, ɗana. A karkataccen gefe yake ɓuya."

Ango bai yi musu ba. Shi ne a gaba, yana haƙa yana shirya ƙaryar da zai yi wa matarsa, kowacce ya ɗauko sai ta rushe. Idan ba su kama hanya a yammacin nan ba, surukin zai riga su isa gida.

Rana ta yi sanyi, sheburin Ango ya daki gindin katanga. Ba sauran wurin tonawa. Ya jefar da shebur, idonsa ya kawo ruwa, ya ce shi kenan, aurensa ya mutu.

"Tsaya tukuna," in ji tsohon. Ya durƙusa, ya cusa hannu cikin yashin ƙarshe, ya zaro makulli.

Ango ya rungume shi yana kuka wiwi. Suka yi ta sa masa albarka, Tela ya yi alkawarin ɗinka masa wando mai aljihu huɗu. Har motar ta hau titi suna ɗaga masa hannu, Malam yana cewa da ma lissafinsa bai yi nisa da wurin ba.

Tsohon ya bi ramin da kallo, miƙe sambal daga katanga har ruwa. Ɗan kwangila ne, leburorinsa uku sun ƙi zuwa aiki tun safe. Ya kakkaɓe yashin da makullin ya bari a aljihunsa, ya kira mai otal a waya ya ce, "A zo a shimfiɗa bututun ruwan, an gama haƙa."