Ƙoƙon Mate a Hannun Zulma

Zulma na zaune a ƙofar gidansu a Paysandú tana zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, ganyen da mutanen garin ke sha kamar shayi, sai ga saurayinta Anselmo, kansa a sunkuye. Jiya da ta kai masa mate ofis, abokan aikinsa masu shan gahawa suka yi dariya, shi kuwa ya ce maƙwabciyarsa ce kawai.

"Zulma, wallahi ban iya haɗa ido da ke."

Ya miƙo hannu zai karɓi ƙoƙon. Ta daɗe tana kallonsa.

"Zan ba ka, in gobe za ka sha a gabansu, ka faɗa musu ko ni wace ce."

Ya buɗe baki, ya ɗan yi jim. Wannan jim ɗin ya ishe ta. Ta janye ƙoƙonta, ta shige gida.